Za mu kai taimako gidan marayu, me suka fi buƙata tsakani da Allah?

Ummu_Sadiq:

Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema. Mu ne wasu ƙawaye da muka yi makaranta tare, duk wata kowa tana ajiye abin da ya sawwaƙa, to yanzu kuɗin ya ɗan taru sai muka ce bari mu kai gidan marayu, irin gidan nan da ake kai jariran da aka yar ko aka gudu aka barsu a asibiti. Matsalar mun kasa daidaitawa, wasu sun ce mu siyo kayan wasa da alawa da biskit mu buga riguna iri ɗaya muje mu wuni da yaran a yi hotuna, wasu sun ce a'a kawai a tura kuɗin akawun ɗin gidan a huta, wata kuma tace sam bata yarda a basu kuɗi ba don bata san aljihun wa zai shiga ba. Ni kuma ban da wannan ina da nawa burin, so nake in dinga leƙawa in na samu sarari ina ɗaukar jariran ina musu wasa, Allah ya sani ina son yara. Wanda ya san yadda rayuwar cikin gidajen nan take ya faɗa mana gaskiya, me suka fi buƙata? Kuma zuwan nawa zai amfane su?

Inna_MaiRaino:

Wa alaikumussalam 'yata, Allah ya saka muku da alheri ya karɓa. Ni na jima ina aikin raino a irin gidan nan kafin ciwon baya ya zaunar dani, don haka abin da idona ya gani zan faɗa miki.

Kayan wasa dai ku barshi. Akwai sito guda da muke tara 'yar tsana da motocin roba har ƙura ta rufe su, kowa yazo abin da yake kawowa kenan, alawa kuwa ranar da baƙi suka zo mun san daren nan ba barci, wannan ciwon ciki wancan gudawa. Abin da ke ƙare mana kullum shine madarar jarirai, famfas, sabulun wanki, man shafawa, maganin zazzaɓi, gidan sauro, sai kuɗin asibiti. Jaririn da aka tsinta ba nonon uwa, gwangwanin madara kuwa 'yan kwanaki ne ya tashi, kuma ba'a canza masa kala haka kawai don cikinsa zai iya rikicewa, shi yasa nake cewa kafin ku siyo komai ku kira shugabar gidan ku tambayeta wace iri suke ba yaran, wane lamba na famfas ya fi ƙaranci. Ku duba ranar lalacewa a jikin gwangwani, wlh an sha kawo mana katan katan saura sati biyu ya lalace, mai kawowa ya tsaya ayi masa hoto ya tafi mu kuma mu kwashe mu zubar.

Amma in kina so kiji ainihin abin da ya fi komai ƙaranci, hannu ne. Masu raino. Dutin dare ki tarar mace ɗaya ce a ɗakin jarirai da gadaje jere, ƙarfe biyu na dare uku sun tashi lokaci guda, hannunki biyu ne, ɗaya a kafaɗa ɗaya a cinya, na ukun sai ki naɗe tawul ki tokare masa fida a baki ya sha da kansa, alhali kin san ba daidai bane don zai iya shaƙewa, kuma ba madarar kaɗai yake nema ba, so yake a rungume shi a kalli idonsa. Sabon jariri in an kawo shi kuka yake kamar zai tsaga ɗakin, bayan 'yan watanni sai kiga ya rage, baƙi suna shigowa suna cewa kai yaran nan akwai haƙuri masha Allah ko kuka basa yi. Mu da muke ciki mun san ba haƙuri bane, ya gane ne ko yayi ba mai zuwa da wuri. Wasu sai kiga sun zauna suna ta rausaya gaba da baya su kaɗai, wasu tsotsar yatsa har fatar ta yi fari.

Kuma masu rainon basa daɗewa. Albashin kaɗan ne, wani lokacin a haɗa wata biyu ba'a biya ba, mace ta samu wani aikin ta tafi, ba laifinta bane itama tana da nata 'ya'yan. Yaron da ya fara ce mata mama ya wayi gari babu ita, sai ya ƙi cin abinci, ya koma fitsarin kwance. Kafin ya shiga firamare ya canza uwa ba adadi. Ba wanda yake son bada sadakarsa a biya albashi don ba'a ɗaukar albashi a hoto, amma ni da za'a tambayeni nan zan ce ku sa kuɗinku.

Abban_Khalifa:

Hajiya Ummu Sadiq, ƙawar taku da tace bata yarda ba kar ku ga laifinta. Ba duk gidan da ya kafa allo ya rubuta gidan marayu bane na Allah da Annabi. Ƙungiyar Save the Children ta fitar da rahoto a 2009 cewa aƙalla huɗu cikin biyar na yaran da ke irin gidajen nan a duniya suna da uwa ko uba a raye, talauci ne ko naƙasa ko neman makaranta ya kai su. A ƙasashe irin su Kambodiya da Nepal har an gano masu bin ƙauyuka suna karɓo yara a hannun iyayensu da alƙawarin boko, su zuba su a gida don masu yawon buɗe ido su zo su ji tausayi su ajiye kuɗi, wani wurin da gangan ake barin yaran cikin tsumma don in sun yi fes ba mai bayarwa. Abin ya kai Ostireliya a dokarta ta 2018 kan bautar zamani ta ɗauki wannan a matsayin safarar mutane. To kinga ba zargi bane kawai.

Ni shawarata kuje ba tare da kun sanar da rana ba, mutum biyu ko uku, ba tawaga ba. Ku nemi ganin takardar rajistarsu da hukumar da ke kula da walwalar yara. Ku tambaya duk yaron da aka kawo akwai fayil ɗinsa? An kai rahoto wurin 'yan sanda? An nemi danginsa? Yara nawa suka koma hannun dangi ko aka basu riƙo a bara? In aka fara muku kame kame ko aka ce ku tura kuɗi akawun ɗin mutum ɗaya maimakon na gidan, ku tattara ku tafi. Haka in kuna shiga aka jero yaran suna muku waƙar barka da zuwa ana nuna muku wannan a bola aka tsince shi wancan a kwata, a gaban yaron yana ji, wannan gidan kasuwa ne. Gidan kirki ma zai iya hanaku shiga ɗakin jarirai, kar kuji haushi, alama ce mai kyau.

Ummu_Sadiq:

Innalillahi, Inna jikina yayi sanyi da maganar kukan nan. Na gode Abban Khalifa. To amma ba wanda ya amsa min ɗaya tambayar, tunda hannu ne yayi ƙaranci ai kenan zuwan nawa taimako ne ko?

Malama_Zee:

Ummu Sadiq ƙanwata bari in amsa miki wannan, fannin da na karanta ne, kuma kiyi haƙuri amsar ba mai daɗi bace sosai. In zuwan naki na in na samu sarari ne, yau kizo sai bayan wata biyu, to gara ki bari. Duk wanda ya taɓa shiga irin gidan nan ya san yadda yaran suke rugowa da gudu su ɗafe baƙon da basu taɓa gani ba, wannan ya riƙe zani wancan ya hau cinya, mutum ya fito yana cewa yaran nan sun so ni. Yaron da ya tashi a hannun uwa ɗaya ƙyuya yake yi in yaga baƙuwar fuska, ya ɓuya a bayanta, kuma wannan ƙyuyar lafiya ce. Wanda zai bi kowa yana nuna miki ne bashi da wani nasa takamaimai. Kin ɗauke shi awa biyu ya saki jiki, kin ajiye shi kin shiga mota, wata ta zo gobe itama haka, kullum ana ƙara koya masa cewa duk wanda ya rungume ka tafiya zai yi.

Ba yau aka gano wannan ba. Tun 1951 likitan nan na Ingila John Bowlby ya rubutawa Hukumar Lafiya ta Duniya rahoto kan illar raba ƙaramin yaro da mai kula dashi guda ɗaya. Amma inda aka ga abin ƙuru ƙuru Romaniya ce. Shugabansu Ceausescu ya kafa doka a 1966 ta hana zubar da ciki don yawan jama'a ya ƙaru, ga talauci, iyaye suka dinga miƙa yara gidajen gwamnati, da mulkinsa ya faɗi a Disambar 1989 aka buɗe ƙofofi aka tarar da yara sama da 100,000. Wajen shekarar 2000 wasu masana uku daga Amurka, Nelson da Fox da Zeanah, suka fara bin yara 136 a gidajen Bukares, rabi aka kai su hannun iyayen riƙo rabi suka ci gaba da zama inda suke, aka yi ta auna su shekara da shekaru. Waɗanda suka koma cikin iyali sun fi a kaifin ƙwaƙwalwa da magana da shaƙuwa, kuma waɗanda aka fitar kafin su cika shekara biyu su suka fi farfaɗowa. Shi yasa ƙa'idojin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince dasu a 2009 suka ce yaro ɗan ƙasa da shekara uku a cikin iyali ya kamata a rene shi. Ruwanda ma tun 2012 ta kama hanyar rage gidajen marayunta tana mayar da yara cikin iyalai.

To kinga maganar Inna ta albashi ba ƙaramar magana bace, mai raino ɗaya da zata zauna shekara biyar tafi baƙi ɗari masu zuwa da tafiya. Ko tsarin ƙauyukan yara na SOS da Hermann Gmeiner ya fara a Ostiriya a 1949 a kan haka aka gina shi, uwa ɗaya da gidanta da 'yan yara kaɗan, kuma ba'a raba wa da ƙani.

In har kina son ki bada lokacinki akwai hanya. Ki zaɓi rana ɗaya tsayayya ki riƙe ta kamar aikin ofis, ki gaya musu zaki yi shekara ko fiye. Ko kuma ki ɗauke wa masu rainon aikin da ke cinye musu lokaci, wanki, wanke fida, ninke kaya, raka yaro asibiti, su kuma su samu hannun ɗaukar jariran da suka riga suka saba dasu. Na san ba shine burinki ba, gaskiya ɗaukar jariri ya fi wankin tsumma daɗi, amma kin tambayi abin da zai amfane su ne.

Wani_Bawan_Allah:

Ban cika magana ba amma wannan ta shafeni, ni a irin gidan nan na tashi. Anty dan girman Allah maganar hoton nan ku barta. Mu ranar da baƙi zasu zo tun safe ake mana wanka a sa mu a layi, a miƙo maka leda ka riƙe ka yi murmushi, ka ce mun gode Allah ya ƙara arziki. Lokacin muna ƙanana daɗi muke ji. Sai da na shiga sakandare wani ɗan ajinmu ya gano hotona a Facebook a shafin wasu masu taimako, an rubuta labarin yadda aka tsince ni a ƙasa, har inda aka ajiye ni, abin da ni kaina ba'a taɓa zaunar dani an faɗa min ba. A wayar wani na fara karanta tarihina, yara sun zagaye ni. Daga ranar sunana ya koma ɗan tsintuwa har na gama makarantar. Waɗanda suka sa hoton na tabbata da niyyar alheri suka yi, sun ma manta, amma intanet bata mantuwa.

Abu na biyu, kowa jarirai yake so. Baƙi na shigowa ɗakin jarirai suke nufa, mu 'yan shekara 13, 14 muna tsaye jikin bango ba mai ko tambayar sunanmu, sai dai a kiramu mu sauke kaya daga but. Alhali mu ne muke dab da faɗawa rami. Yawancin gidajen in ka kai 18 shikenan an sallame ka, wani da 'yar jakarsa kawai. Ka fito baka taɓa zuwa kasuwa kai kaɗai ba, baka san yadda ake kama haya ba, baka iya riƙe kuɗi ba don baka taɓa riƙewa ba, komai ƙararrawa ake kaɗawa kayi. Kaje cike fom a ce sunan uba, garin asali, wanda za'a kira in wani abu ya same ka, ka tsaya riƙe da biro. Wasu cikinmu ko takardar haihuwa ba'a yi musu ba sai da jarabawa tazo aka fara guje guje. Maganar aure kuwa kar ma a fara, ana zuwa bincike aka ji daga ina kake an gama. 'Yan matan sun fi mu shan wuya, duk wanda ya nuna musu 'yar kulawa binshi suke.

Ni abin da ya tsamo ni wani bawan Allah ne mai gyaran firij da na'urar sanyaya ɗaki, yazo gyara a gidan yaga ina leƙen abin da yake yi, ya nemi izini nake zuwa shagonsa bayan makaranta. Bai taɓa bani kyauta a leda ba, zagi ma na sha a wurinsa in na ɓata aiki, amma har yau in abu ya taso min shi nake kira, shi ya tsaya min na kama ɗakin farko. In kuɗinku zai kai ku ɗauki babba ɗaya, kuɗin jarabawa, kayan koyon sana'a, hayar shekarar farko, kuma ku bashi lambar da in ya kira za'a ɗauka.

Malama_Zee:

Allah ya ƙara rufa asiri ɗan uwa, na gode da ka yi magana. Batun tarihin nan yana da muhimmanci, gidan kirki yana ajiye duk abin da aka samu tare da jariri, zanen da aka naɗe shi, 'yar takarda in an bari, rana da wuri, a rufe a fayil har ya girma a bashi cikin sirri. Gidan tsintattun yara na Landan da Thomas Coram ya samo wa izini a 1739 iyaye mata kan bar 'yar alama, kwabo ko maɓalli ko ƙyalle, don ko wata rana zasu dawo su gane ɗansu, har yanzu suna nan a ajiye a gidan tarihinsu. Kuma rajistar haihuwa da suna haƙƙin yaro ne a sashe na 7 na yarjejeniyar haƙƙin yara ta 1989, ba alfarma bace.

Dattijo_Abu_Hafsa:

Na karanta duka, Allah ya yi muku albarka. Ɗana da ya tashi a gidan marayu, wanda ya kira ka da wancan sunan jahilci ne ya dame shi. Malaman fiƙihu sun ce ɗaukar yaron da aka yar farilla ce a kan al'umma, in ba wanda ya ɗauka kowa yayi laifi. A zamanin Sayyidina Umar wani mutum Abu Jamila ya tsinci jariri ya kawo masa, Umar yace ɗa ne ba bawa ba, kuma ciyar dashi a kan baitulmali yake, yana nan a Muwaɗɗa. Suratul Ahzab aya ta 5 tace a kira su da sunan ubanninsu, in ba'a san ubannin ba to 'yan uwanku ne a addini. Abin da aka hana shine ka jingina shi ga nasabarka, ba'a hana riƙo ba, kuma in matar gida ta shayar dashi kafin ya cika shekara biyu ya zama ɗanta na shayarwa, matsalar muharramaka ta kau. Gado baya ci amma ana masa wasiyya cikin sulusi ko a bashi kyauta tun ana raye. Na faɗi haka ne don mutane da yawa tsoron wannan ke hana su ɗauka.

Sai dai Malama ina da ɗan ja a maganarki. Ana ta cewa cikin iyali ya fi, na yarda, amma wane iyalin? Mun ga yaran riƙo da aka mayar bayi, 'ya'yan gida suna makaranta shi yana wanke wanke, ba mai leƙowa ya duba. Kuma jaririn da aka tsinta yau da asuba dole akwai inda za'a kwantar dashi kafin a samo iyalin. Kar mutane su karanta wannan su ce to gidajen marayu ba kyau su janye hannu, yaran da ke ciki yanzu haka fa?

Malama_Zee:

Baba gaskiyarka, riƙon da ba bibiya shima haɗari ne, a binciken Romaniya ma iyayen riƙon an tantance su an horar dasu ana biyansu kuma jami'ai suna zagayawa akai akai, ba miƙa yaro akayi aka juya baya ba. Ban ce a janye hannu ba, cewa nayi a zaɓi gidan da yake ƙoƙarin yaro ya fita zuwa hannu nagari, ba wanda yake alfahari da yawan gadaje ba.

Ummu_Sadiq:

Na tura wa ƙawayen nawa duk abin da kuka rubuta, an yi ta muhawara har dare, masu riguna basu ji daɗi ba amma dai an janye maganar hoto. Yanzu mun karkata ga albashin mai raino ɗaya, in da saura mu tambayi ko akwai babban da ke shirin fita. Inna ya ake yi, ita matar zamu dinga ba a hannu ko gidan? Muna tsoron kar mu biya su kuma su ƙi bata.

Inna_MaiRaino:

Kar ku bata a hannu a ɓoye 'yata, zaku haɗa ta faɗa da sauran, ace ita ce 'yar gaban goshin baƙi, ƙarshe a tsangwame ta ta bar aikin. Ku zauna da shugabar gidan da mai riƙe da kuɗi a rubuta a takarda kowa ya sa hannu, cewa kuɗin nan na ƙarin mai raino ce a ɗakin jarirai, dutin dare in zai yiwu, ba wai su ɗauke albashin wadda suke biya da ma su kai wani wurin ba, nan ne ake yin wayon. Ku tura ta akawun ɗin gidan duk wata a rana ɗaya, su baku rasit da kwafin takardar biyan albashi da sa hannunta. Ɗaya daga cikinku ta dinga leƙawa tana gaisawa da ita, a hira zaki ji ko ana biya.

Kuma ku lissafa abin da zaku iya ɗauka na shekara guda cur ko da wasu sun daina bada nasu, don za'a samu masu dainawa. In kuɗin rabin albashi zai iya to ku ce rabi tun farko. In kuma zaku tsaya ku basu sanarwar wata uku su nemi wani kafin lokacin.